Mutumin da Ke Ɗaga Kwali

Kafin a gama share ƙofar shaguna ya iso, da tsohuwar jakarsa a hammata. Ma'aikacin haraji ne, amma ba mai ɓuya in ya hango shi. Zai yi sallama, ya tambayi iyali, sannan ya miƙa hannu kan kantar shago ya ɗaga kwali. Shi ya sa kasuwa ke ce masa Malam Ɗaga-Kwali. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Wanda bai san kasuwa ba, bari ya ji. Ƙaramin ɗan kasuwa kan jera kwalayen da ba komai ciki don shago ya yi kwarjini. Babba kuwa, ranar kimanta haraji, kayansa na ɓoye a sito. Masu kimantawa da ido sai su lafta wa mai kwalin banza, su tausaya wa mai sito.

Haka aka yi wa Gwaggo mai sabulu shekarar da mijinta ya rasu. Aka ce ko ta biya ko a garƙame shagon, ga marayu a gida. Ranar da aka zo da kwaɗo, Malam na cikin tawagar. Ya ɗaga kwali da yatsa biyu, ya ɗaga wani.

"Gwaggo, iska kike sayarwa?"

"Rufin asiri ne, ɗan nan. Sassauta murya, maƙwabta na ji."

Ya juya ga ogansa. "Ranka ya daɗe, doka ta yafe wa mai ciniki irin nata. Ni ba zan sa wa iska kwaɗo ba."

Ogan ya ce Malam zai gani. Ya kuwa gani, don ƙarin girma ya tsallake shi. Amma shagon bai rufu ba.

Alhaji mai tayoyin mota ma ya gwada shi da ambulan ɗin kuɗi. Malam ya ce, "Alhaji, mayar aljihu. Albashin ma'aikatanka, hayar sito, man janareta, duk doka ta ce a cire kafin a yanka maka. Ragi na halal ke nan. Amma fa sai mun leƙa siton." Alhaji ya yi tsaki, ya ɗauko makulli.

Malam, kai ne ka nuna mana haraji ba fashi ba ne, kuma ana iya bayaninsa da bakin da ake ciniki da shi. Mun gode, Allah ya saka. Wanda zai gaje ka kuwa ya sani, ba za mu sake yarda da kimantawar ido ba. Ya zo ya ɗaga.

Jiya Gwaggo ta tare shi da kwali, wai kyautar sallama. Ya ɗaga, ƙugunsa ya amsa, don cike yake da sabulu. Ya mayar kan kantar shagonta.

"Kyauta ba zan karɓa ba. Amma Gwaggo, bana za ki biya."

"Zan biya mana," in ji ta. "Da can ma rowa na yi?"