Ba Santsi Ne Ya Kashe Kawu Rosamel Ba

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. A ranar Talata, 14 ga Mayu, 2019, da hantsi, Kawu Rosamel Chiguay ya cika a asibiti nan Punta Arenas, yana da shekara tamanin da ɗaya, bayan jinyar kwana uku. Ranar Alhamis muka binne shi, cikin iskar da sai da aka danne furannin kabarin da duwatsu. Duk wanda ya taɓa shiga ɗan gidan tarihin bakin tashar jiragen ruwa, wanda ƙungiyar tsoffin ma'aikatan ƙanƙara ta buɗe a tsohon siton ulu, ya san shi: gajeren tsoho mai hular saƙa, da mabuɗai rataye a ƙugu.

A takarda an rubuta cewa santsi ya kwashe ka, Kawu, ka faɗa kan akwatin gilashi. Kai da bakinka ka faɗa wa 'yan sanda haka. Ni Ermelinda Cárcamo, 'yar amininka Belisario, na ce ba santsi ba ne. Ɗana Nibaldo ne ya ture ka, wanda ka riƙe a hannunka ranar baftismarsa. Kwana biyar na yi da wannan magana a maƙogwaro, ina tunanin in haɗiye ta ɗana ya ci gaba da yawo a gari, ko in fito da ita. Zan faɗi abin da na yi. Amma sai na fara faɗin ko kai wane ne, domin 'yan yanzu sun ɗauka mai gadi kawai aka binne.

A shekarar 1964 aka ɗebe ku, kai da mahaifina, zuwa Antatika, ku kora karnuka masu jan amalanken ƙanƙara, ku ɗauki kayan masu awon ƙasa. Su ne aka ɗauka hoto. Ku 'yan tsibirin Chiloé ku ne kuka ja kaya. A can guguwa ta tsare ku mako biyu cikin tanti, sanyi ya cinye wa Baba yatsu uku na hannun dama, suka yi baƙi, suka fara wari, ruɓar tana hawa zuwa tafin hannu. Babu likita, babu allura. Ka ɗora wuƙarka a kan risho har ta yi ja, ka cusa masa igiyar fata a baki, ka hau ƙirjinsa da gwiwa, ka datse su ɗaya bayan ɗaya. Ya ciji igiyar har haƙorinsa ya karye. Da ya farfaɗo ya zage ka tun daga kai har kakanninka, kai kuwa ka ɗaure shi a kan amalanke kamar buhun dankali, ka ja shi kwana tara zuwa bakin teku. Bayan shekara biyu aka haife ni. Ba don wuƙar nan ba da babu ni, da babu wanda ya kashe ka.

Wuƙar tana nan a gidan tarihin, a akwati na biyu daga ƙofa. Har Baba ya rasu bai daina zuwa ya tsaya a kanta ba, ya ce, "Kai mahauci, ina yatsuna?" Kai kuma ka ce, "Na ba karnuka, sun ce babu maiƙo." Sai ku zauna ku kwashe awa biyu kuna shan mate, shayin ganyen nan namu.

Ba ka taɓa yi wa kayan ɗakin nan kwalliya ba. Da 'yan ƙungiya suka so a ɓoye bulala da bindiga saboda baƙin da ke sauka daga manyan jirage, ka ce in an cire su a haɗa da kai. Na taɓa kai jikokina ranar da wata malama ta kawo ɗalibai tana yi musu bayanin jarumai. Ka bari ta gama, sannan ka nuna bulalar da ka naɗe ka ɗaure da waya. Ka ce da ita ka tsiyaye wa babban karenka ido, ba don ya yi laifi ba, don kana jin yunwa da haushi kuma shi ne a kusa. Ka ce da ido ɗaya ya ci gaba da ja maka kaya, ko gurnani bai taɓa yi maka ba, kuma wannan shi ne abin da ya hana ka barci shekara hamsin. Malamar ta ɓata rai. Yaran kuwa babu wanda ya motsa.

Ni ma ka taɓa riƙe mini hannu. Nibaldo yana ɗan shekara goma na same shi da sigari, na ɗauko ƙarfen tona murhu. Na sauke masa sau uku, a na huɗu ka damƙe wuyan hannuna. Ka ce, "Ermelinda, abin da kika zuba wa yaro a jiki, gidan matarsa zai kai shi." Na ce ka koma kan karnukanka, ni mutum nake raino. Har gobe ban yarda a bar yaro babu horo ba. Amma na san bambancin horo da huce haushi, kuma na san wanne na yi ranar nan.

Shekara shida Nibaldo yana dukan matarsa Yasna. Duk unguwa ta sani. Yakan yi wata uku a teku wajen kamun ƙaguwa, ya dawo da kuɗi da ƙishirwar giya, kafin mako ya zagayo sai mu ga Yasna da tabarau ranar da babu rana. Ta zo mini da fasasshen leɓe, na ce ta yi haƙuri, aikin teku ne ke taurara maza. Ta zo da karyayyen hannu, na kai ta asibiti, na tsaya ina ji tana cewa daga matakala ta faɗo, ban buɗe baki ba. Ni da nake yi wa 'ya'yan mutane faɗa a ƙofar coci saboda gajeren siket. Kai kaɗai ka ce mata abin da ke da amfani: "'Yata, ƙofata a buɗe take daga tara zuwa biyar. In ya ɗaga hannu ki taho, ko takalmi kada ki tsaya nema."

Ranar Asabar da tsakar rana ta taho, kuma da safa kaɗai a ƙafarta. Nibaldo ya ja ta da gashi daga kicin zuwa falo, ya karya kujera a bayanta, ta sulale ta taga ta yi gudun layi huɗu. Ka tura ta ƙaramin ɗakin baya inda ake ajiye tsintsiya, ka dawo ka tsaya tsakanin akwatuna. Ta ramin ƙofa ta ga sauran, ita ta gaya mini.

Ya shigo yana huci, ya ce, "Tsoho, matsa."

Ka ce, "Sayi tikiti tukuna, ɗan nema. Kuma nan ba a shiga da ƙazamin takalmi."

"Kawu, kada ka sa in yi abin da ban yi niyya ba."

"Ai ka riga ka yi shi a gida. Zauna in dafa maka mate, warin bakinka zai kashe mini asu."

Da hannu biyu ya ture ka. Mutumin da ke jan tarkon ƙarfe daga ƙasan teku ya ture tsohon da bai kai nauyin buhun gari ba. Ka faɗa da baya cikin akwatin gilashi, ya tarwatse, ƙeyarka ta daki ƙarfen amalanke. Gilashi ya tsaga maka dantse har ƙashi. Da ya ga jini yana bin katakon ƙasa ya ja da baya, ya taka gilashi, ya faɗi a kan hannunsa, ya tashi ya gudu. Yasna ce ta fizgo igiyar karnuka daga bango ta ɗaure maka hannu, tana ihu har masu shago suka shigo.

Ranar Lahadi na same ka da kai a naɗe, ido ɗaya a kumbure. Na riga na ga bandejin hannun ɗana. Na ce, "Kawu, ƙarya kuma? Kai?" Ka yi ɗan murmushi ka ce, "Shekara tamanin ban ɗanɗana ba, bari in ji yadda take. Ki bar yaron, gidan yari bai taɓa gyara kowa ba." Daga nan ka tambaye ni ina Yasna. Ita kuwa tana gidan Nibaldo. Tun daren Asabar ya je ya ɗauko ta, ya ce mata tunda tsohon ya ce santsi, santsi ne, kuma ita ma santsi yana iya kwasar ta.

A nan zan yi maka faɗa, ko da yake kana kabari. Tausayi ka yi, na sani. Amma ƙaryarka ba ta rufa wa Nibaldo asiri kaɗai ba, ta rufe ƙofa a kan yarinyar da ka mutu kana karewa. Ni kuma na ɓuya a bayan ƙaryar nan kwana biyar, har na tsaya a bakin kabarinka kusa da shi, yana sanye da baƙar kwat, yana karɓar gaisuwa.

Ranar Juma'a da safe na karɓi mabuɗi na je share gilashin, don tsofaffin ƙungiya babu mai iya sunkuyawa. Jininka ya shiga tsakanin katako, na durƙusa ina kankarewa da wuƙar tebur. Da na ɗaga kai sai ga bindigar a bango, na tuna labarin da Baba ya ba ni sau ɗaya tak. A hanyar dawowar nan taku zuwa bakin teku abinci ya ƙare, dole a kashe karnuka huɗu cikin tara, a ciyar da sauran da mutane. Shugaban tafiyar ya ga halin da kake ciki ya ce ka ba shi bindigar. Ka hana. Ka ce a wurin masu kora karnuka ba a ba baƙo wannan aiki, wanda ya ciyar shi ke yi, domin kare ya san hannun, ba zai gudu a harbe shi a baya ba. Ka riƙa jan su ɗaya ɗaya bayan tudun ƙanƙara, ka sosa musu kunne, ka harba. Mai ido ɗayan ne na ƙarshe. Baba ya ce ka dawo ka feɗe shi da kanka, hawaye na daskarewa a gemunka.

Ɗana ba kare ba ne, ni ma ba bindiga na ɗauka ba. Amma na gane cewa in na jira, wata rana baƙi ne za su zo su ɗauke shi, bayan sun ɗauki gawar Yasna. Na jingine tsintsiya na tafi gidansa.

Na same shi yana cin abincin rana. Yasna tana tsaye jikin murhu da gyale a wuya, cikin ɗaki mai zafi. Na janye gyalen, na ga shatin yatsu. Na ce, "Nibaldo, tashi ka sa rigarka."

Ya ce, "Mama, tsohon da kansa ya ce santsi ne."

"Shi ya ce. Ni ban ce ba."

Ya maka faranti a bango, miya ta fantsamo mini a fuska. Ya miƙe ya dunƙule hannu a kaina. Na ce, "Buga. Ka bugi matarka, ka bugi uban baftismarka, fuskar nan ce ta rage maka." Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauka. Ni na ɗauko rigar, ni na sa masa maɓalli. Na riƙe hannun rigarsa muka fita, Yasna tana bayanmu, iska tana tura mu, mutane suna leƙe ta taga. Da ya so gudu da ya gudu, ya fi ni ƙarfi sau goma. Bai gudu ba. A ofishin 'yan sanda ni na fara magana, na faɗi na shekara shida kafin na ranar Asabar, har da shirun da na yi a asibiti. Yasna ta cire gyale. Da za a shiga da shi ya juyo ya ce mini daga yau ba shi da uwa.

Yana tsare yanzu, yana jiran shari'a. Yasna da 'yan matanta biyu suna gidana. Ranar Lahadi na kai masa wainar dankali da safa masu kauri, ya ƙi fitowa. Zan koma Lahadi mai zuwa, da wadda ke bayanta.

Iyaye mata na garin nan, ku da kuka daina gaishe ni a kasuwa kuna cewa uwa ba ta miƙa ɗanta: kowace a cikinku ta san gidan da ake ƙara sautin rediyo don kada a ji kuka. Ku duba wuyan surukanku. Haƙurin da muke koya wa 'ya'yan mutane ba namu ba ne da za mu riƙa rabawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka Orfelina da jikokinka, da tsofaffi shida da suka rage a ƙungiya, da danginka na Chiloé da jirgi bai kawo su kan lokaci ba. Orfelina, ban zo neman ki yafe wa ɗana ba, ban ma nemi ki amsa gaisuwata ba. Na so ne ki san mahaifinki a tsaye ya gamu da ajalinsa, da mace a bayansa, kuma ta rayu.

Allah ya jiƙan ka, Kawu Rosamel. Ya yafe maka idon karen nan, ya yafe maka ƙaryar da ka yi don tausayi, ya sanyaya maka makwanci, ya haɗa ka da Belisario da yatsunsa cikakku. Ya ba iyalinka haƙurin da ba na zalunci ba. Ni kuma ya yafe mini shekara shida, ya shirya wanda na haifa, ko da ba zai sake kirana Mama ba. Amin.