Batirin da ba ya shan ruwa

Ni na fara fasa batir a gidanmu. Ina so a san wannan tun daga farko, domin a Bukkuyum yanzu ba mai tunawa. Ina sakandare na ɗauki mataccen batirin tocilan Baba, na fasa shi da dutse a bayan rumbu, na zaro baƙin sandan nan na tsakiya. Ƙanena, autanmu, yana tsugune da majina a hanci yana tambaya ko ana ci. Yau shi ne Dakta. Yana koyarwa a wata jami'a a Turai, yana bincike kan sinadaran da ake zubawa a batirin motoci masu aiki da lantarki, har masana'antu kan kira shi ya duba musu aiki. Ni kuwa malamin kimiyya ne a wata sakandare a Anka, ina zana batir a allo da alli.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da bakina na miƙa masa hanyar. Shekarar da gubar dalma ta kashe yara a Dareta da Yargalma, masu aikin kwashe ƙasa mai guba suka zo neman wanda ya san kimiyya kuma yake jin Turanci. Ni aka fara nema. Lokacin jarrabawa ne, ɗalibai sun yi mini yawa, sai na ce ga ƙanena can ya gama digiri yana zaman kashe wando, a tafi da shi. Ya yi watanni yana ɗaukar musu na'urar auna ƙasa. Wata daga cikinsu ta yaba da hankalinsa, ta rubuta masa takardar neman karatu a waje. Na raka shi tasha, na yi masa addu'a, kuma Allah ya sani rabin addu'ar ce kawai ta fito daga zuciyata.

Da a ce duniya ce kaɗai ta yabe shi, da na haɗiye. Amma har da Inna.

Ni ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta zama ta yi hira da shi ido cikin ido. Inna ta riƙe wannan kunya da hannu biyu. Sunana a bakinta "wancan". In na yi sallama sai ta amsa tana kallon tsintsiya ko murhu. Shi kuwa auta, kowace mace ta shigo gidan sai ta ji labarinsa, ko da aron rariya ta zo. "Dakta ya bugo waya jiya. Sun ce shi na ka koya ma Turawa haɗa batir." Ina zaune a kan tabarma, taku uku daga inda take, ina jin kamar an zuba mini barkono a ƙirji.

Abu ɗaya nake da shi wanda Dakta bai da shi, rediyon Inna. Tun rasuwar Baba rediyon nan ne abokin zamanta, da shi take jin tafsiri da sanarwar rasuwa da labaran safe. Ni na haɗa mata shi da tsohon batirin babur da ɗan farantin sola a kan rufi. Irin wannan batir yana shan ruwa, in an bar shi ya bushe ya mutu. Saboda haka kowace Asabar nake hawa babur daga Anka, in buɗe murafan, in ɗiga masa ruwan batir, in goge farin garin da ke taruwa a bakin wayoyi. Kafin in gama zan tarar da kwanon fura a gefena, ba wanda ya ce nawa ne. In sha, in ce na tafi, ta ce wa ƙofa Allah shi kiyaye hanya.

Da Dakta ya zo hutun farko bayan ya sami kujerar koyarwa, gidan ya cika har zaure. Ya yi ƙiba, ya yi haske, gaisuwarsa kuma tana nan da ladabi, abin da ya ƙara ba ni haushi, don na so in same shi da laifin girman kai. Ya shiga ɗakin Inna, ya ga batirina a ƙarƙashin gado, ya tsaya.

"Yaya, wanga ai dalma ta a ciki," ya ce da ni a hankali. "Bayan abin da munka gani Dareta, a ɗakin da jikoki ka rarrafe?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma na san haka, ni da nake koyar da ita. Ya fito da tsarabarsa, wani ɗan akwati fari sumul, batir na zamani irin wanda yake bincike a kai. Ya ce ba dalma a cikinsa, a rufe yake ruf, ba ya shan ruwa, zai yi shekaru ba wanda ya taɓa shi. Mata suka yi ta salati. Ni na ɗaura wayoyin da hannuna, na ɗauki tsohon batirina na ɗaure a bayan babur. Da zan fita na ce, yadda Inna za ta ji, "To, yanzu ba sauran buƙatar kowa."

Asabar uku ban je ba. Na zauna a Anka ina maka takardun ɗalibai da jan biro fiye da laifinsu.

A mako na huɗu maƙwabciyar Inna ta kira ni a waya. "Malam, ta ce a hwaɗa ma wancan rediyo ya yi shiru."

Ban taɓa tuƙa babur da farin ciki irin na ranar ba. Kayan Turai ya mutu! Da na isa na tarar waya ɗaya ce ta fita daga mazauninta. Na mayar, rediyo ya kama, na sha fura. Asabar ta gaba aka sake kira, wayar dai ce. Wannan karon na kira Dakta, na sa murya ta tausayi na ce da alama kayan nasu ba ya jure zafin ƙasarmu. Ya rikice. Ya ce in ɗauko masa hoto ta gaba da ta baya, ya yi ta tambaya ko akwatin yana ɗumi, ko yana wari, ya ce zai nuna wa abokan aikinsa. Mutumin da masana'antu ke jira ya kwana biyu yana kirana yana cewa, "Yaya, mi kake gani?" Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kwana biyun nan ƙwarai.

Karo na uku na zo da filaya. Na ɗaure notin da ke riƙe wayar da duk ƙarfina, don in tabbatar wa kaina ba daga ɗaurina matsalar take ba.

Aka sake kira. Na durƙusa gaban akwatin, na ga wayar a ƙasa, notin kuma duk ya sha karce, sabon karce mai ƙyalli, irin na bakin wuƙa. Na ɗaga kai. Inna tana bakin ƙofa tana tsince wake, ta ba ni gefe kamar kullum, babban yatsanta na dama ɗaure da tsumma.

Na daɗe a durƙushe ban taɓa komai ba. Shekara arba'in da wani abu ina jiran matar nan ta ce in zo ta gan ni, ashe ba ta da bakin faɗa, sai wuƙar yankan kuɓewa.

"Inna, mi ya samu yatsa?"

"Wuƙa ta," ta ce wa waken. Can ta ƙara, "Wancan batir na da, ko banza ana zakkuwa duba shi."

Sai ga wata mata ta yi sallama, ta zo aron turmi. Kafin ta zauna Inna ta nuna mata farin akwatin. "Kin gane shi? Dakta ya kawo min. Turawa da kansu wurinai sunka koyo." Barkonon nan ya taso mini kamar yadda ya saba, bai ragu ko kaɗan ba, kuma har yau in aka ce Dakta sai na ji shi.

Da yamma na kira ƙanena na ce ya kwantar da hankalinsa, batirinsa lafiya lau, zan riƙa leƙawa duk Asabar. Ban gaya masa sauran ba, wannan nawa ne ni kaɗai. Kafin in bar ɗakin ranar na mayar da filayar aljihu, na ɗaura wayar da yatsu biyu, sako-sako, yadda tsohuwa za ta iya cirewa ba sai ta nemi wuƙa ba.