Baba Makulli da Kaya Lamba Arba'in da Biyu

Ƙarfe bakwai na safe Baba Makulli yake sauka ƙasan ginin kotu, matakala goma sha huɗu, ya buɗe ɗakin da ake ajiye kayan waɗanda aka yanke wa biyan kuɗi suka kasa. Sai ya yi sallama. Ba kowa a ciki. Firji ne a tsaye baki buɗe, gadaje ba masu kwana, madubai sun ba mutum baya. Amma shekara talatin da ɗaya yana wannan sallamar, kuma yakan ɗan dakata kamar mai jiran amsa.

Daga nan ya bi agogunan bango yana murɗa musu makulli. "Masu su za su dawo," in ji shi, "kada su tarar da kayansu a mace." Akwai wani baƙin agogo a kusurwa. Mai shi ya ɗaukaka ƙara, kotu ta dakatar da gwanjonsa sai an yanke hukunci, mutumin ya rasu shekara tara ke nan. Har yau ba a yanke ba. Agogon kuwa ko minti bai taɓa latti ba.

Mu masu buga takardu a bakin ƙofa shaida ne kan abin da ya yi wa Inna mai ɗinki. An yanke mata biyan kuɗin hayar shago, tana rantsuwa ta riga ta biya. Lauyanta, mai turare da jaka mai lambar sirri, wanda ko gaisuwa sai ya sa mata Turanci, ya ƙirga kwanakin ɗaukaka ƙara ya cire Asabar da Lahadi, tunda shi ba ya aiki a cikinsu. Kotu ba ta cire ba. Wa'adi ya wuce, aka ɗauke keken ɗinkin da take ciyar da 'ya'ya huɗu da shi. Aka roƙi ƙarin lokaci da dakatar da gwanjo, alƙali ya sa sauraro ƙarfe goma na ranar gwanjon kanta.

Baba bai ɓoye komai ba, bai yi wa kowa ƙarya ba. Ƙa'ida ce kawai da kowa ya manta: kaya na fita bisa lamba, kuma a gwada kowanne a gaban masu saye.

"Baba, fito mana da keken nan, akwai mai so," in ji mai gwanjo.

"Arba'in da biyu ne, ɗana. Muna kan shida."

"Fanka ce fa! Kowa ya gan ta!"

"Kun gani, ba ku ji iskarta ba."

Ya gwada ta a gudu na ɗaya, na biyu, na uku. Kowace rediyo sai da ta kama tasha. Amma lamba ba ta tsayawa, sai ga arba'in da ɗaya, agogon bango, ƙarfe ɗaya saura minti goma.

"Sai ya buga mun ji," in ji Baba.

Aka tsaya a rana ana jira. Da ɗaya ta cika, duk agogunan ɗakin ƙasa suka buga tare, ƙarar ta hauro ta matakala, har wani mai saye ya ja da baya yana salati. Ba ta gama mutuwa ba sai ga Inna a guje, takalma a hannu ɗaya, takardar dakatarwa a ɗayan. Lauyan na can baya yana gyara riga, yana cewa dama haka ya tsara.

Baba ya bi takardar da yatsa har hatimi, ya bar keken a ƙasa. Wata takwas yana ɗiga masa mai. Ranar da Inna ta yi nasara, takawa ɗaya ya kama ɗinki.

Kai ne, Baba, ba riga baƙa, ba jaka, amma ba ka taɓa ɓata ƙirgen kwana ba. Mun gode, Allah ya saka. Masu turare kuma, don Allah ku riƙa sauka matakala goma sha huɗun nan kuna ganin inda kuskurenku yake kwana.

Jiya ya yi ritaya. Ya miƙa wa magajinsa makullai, na ƙarshe ɗan ƙaramin na baƙin agogon.

"Ka riƙa sallama," ya ce. "In ka ji an amsa, kada ka gudu. Ka ce wa mai agogon nan ba a yanke ba tukuna."