Yara sittin da uku na Gwaggo

Allah Ya karɓi abinSa. Ranar Laraba, tara ga wata, da hantsi, kika yanke jiki kika faɗi a matakalar ofis, jakar fayil a kafaɗarki. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Daga gare Shi muke, kuma can za mu koma. Gwaggo, haka yaran da kike kula da su suke kiranki, mu ma abokan aikinki muka kama.

Takardar da aka manna a allon sanarwa ta ce gajeriyar rashin lafiya ce. Ajali ne, ban musa ba. Amma ni da na yi shekara shida a teburin da ke kusa da naki ba zan yi shiru ba. Tebur goma sha biyu ne a sashen kula da yara, mu huɗu ne a kai. Sauran sun gaji sun ajiye aiki, wasu ko wata uku ba su cika ba, kuma duk wanda ya tafi, fayilolinsa a gabanki suke sauka. Yara sittin da uku ne a hannunki ranar da kika faɗi. Sau nawa kika rubuta a ƙaro ma'aikata? Kullum amsar ɗaya ce, ana dubawa.

Abu guda kika ƙi sassautawa: ba a miƙa yaro ta takarda. In za a sauya masa ma'aikaci, da ƙafarki kike kai sabon har gida, ki zauna ki ba da labarin da bakinki, don kada a sa yaro ya sake tona ciwonsa gaban baƙo. Haka kika kai ni wurin wata yarinya 'yar shekara tara da ke hannun kakarta. Ni ce ta biyar da aka turo mata. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Ke kuma yaushe za ki tafi?" Na juya na dube ki. Kika yi dariya kika ce, "Wannan? Tashi daga kujera ma wuya yake mata, balle tafiya." Yarinyar yanzu tana shirin gama ƙaramar sakandare, har yau ni ce da ita.

Shekaranjiya shugaban sashe ya shigo da jerin sunaye, wai a raba yaranki ga ma'aikatan wucin gadi kafin ƙarshen mako, kowa ya ɗauki fayil ya karanta. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za mu sa hannu ba. Gidajen nan za mu taka su ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro ya ji rasuwarta daga bakin wanda ya sani. In sauri ake, a kawo mana mutanen da za su zauna." Ya ce zai ba ni takardar gargaɗi. Na ce ya kawo, ina da wurin ajiye ta. Jiya gida huɗu muka je.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya yafe miki, Ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Maigidanki da 'ya'yanki, da suka jure yin tarayya da 'ya'yan wasu a kanki, Allah Ya ba su haƙuri. Mu ukun da muka rage kuma, Ya ƙara mana ƙarfin ƙafa da taurin kai. Saura gida hamsin da tara.