Jirgi Mai Kama da Buta

Lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Goronyo, Babanmu direban tifa ne a wurin 'yan kwangila, shi ya sa muka bar Wurno muka koma gidajen ma'aikata. A can na fara ganin talabijin, a ɗakin wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu. Eriyarta tana bisa wani dogon ƙarfe, in iska ta kaɗa sai hoton ya koma yayyafi. Duk Asabar bayan la'asar takan bar mana ƙofa a buɗe, ni da ƙanwata mu zauna a tabarma mu kalli wani katun.

Labarin wata budurwa ne mai tuƙa jirgin dakon kaya tsakanin taurari. Jirgin tsoho ne, ga ciki ga dogon baki, sai muka sa masa suna Buta. Ba mu jin Turancin da suke yi, amma ba mu taɓa ɓata ba. Yayanmu, wanda ke makarantar kwana a Sakkwato, ya ce ai wannan ɓurɓushi ne kawai. Asalin abin wani babban fim ne na yaƙin sararin sama, da mutane na gaske, ya gan shi a silima. Matuƙiyar tamu ma, in ji shi, sau ɗaya ta leƙo a ciki. Mu dai ba ruwanmu da babban fim.

Asabar ta ƙarshe da muka kalla, injin Buta ya mutu, jirgin yana gangarawa wajen wata jar rana, matuƙiyar ita kaɗai a ciki tana bugun ƙarfe da hannu. Sai aka sa kiɗan tashi. Kafin wata Asabar aka sallami direbobi, aiki ya ƙare. Muka ɗaure kaya muka koma Wurno, gidan Kakarmu, inda ko wayar lantarki ba ta ratsa unguwar ba. Baba ya karɓi fili a fadama ya shiga noman albasa.

Ƙanwata tana da amosanin jini. Da sanyin shekarar ya shigo ciwon ya kayar da ita, ƙafafunta da bayanta suna sara, ba ta ko iya zama. Ina shafa mata man zafi sai ta riƙe hannuna.

"Yaya, mi yaf faru da ita? Ta ƙone?"

"Ban sani ba."

"To wa as sani?"

Kullum tambayar ke nan. Na je gidan wani ɗan kasuwa da aka ce yana da talabijin mai batir, matarsa ta ce ba a kunnawa sai maigida zai ji labarai. Na roƙi Baba ya kai mu Goronyo, ya ce ma'aikaciyar jinyar ma an mayar da ita wani gari. A hanyar dawowa daga rijiya na yanke shawara: tunda ba mai nuna mana ƙarshen, ni zan yi shi.

Na taɓa ganin yaran gidajen ma'aikata suna silimar kwali, su yanka mutum-mutumi su haska inuwarsa a jikin ƙyalle. Na samo kwalayen sabulu a shagon bakin kasuwa, na ari rezar Baba, na yanka Buta da matuƙiyarta, na ɗaura su a kan tsinken tsintsiya. Gwajin farko da fitilar aci-balbal na yi shi, bakin Buta ya kama wuta, har gefen asabari ya babbake. Baba bai dake ni ba, amma ya rantse in ya sake ganin wuta a hannuna cikin ɗaki, fadama zan koma kwana.

Kaka kuma ta ɗaga matuƙiyar da yatsa biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera.

"Mi na na wanga? Gumaka za ki tara muna cikin gida, mala'iku su ƙaurace?"

"Kaka, kwali na."

"Kwali mai ido da hanci!"

Ta ce ba za a yi ba sai Baffanmu ya yarda. Shi ne ƙanen Baba, mai karantar da manya a zaure, kuma ban taɓa yi masa magana ba sai gaisuwa. Na kwashi kwalayena a gefen zane, na jira ɗalibansa suka watse, na durƙusa daga bakin ƙofa. Na faɗi komai, har da ciwon ƙanwata. Ya juya matuƙiyar gaba da baya, ya tambaye ni ko ni na yanka ta, na ce e.

"Abin wasan yara na," in ji shi. "Kak ki rataye su ga bango, kuma kak su hana ki salla. Tashi ki tai."

Saura haske. Ɗakin da ƙanwata ke kwance yana da 'yar taga ta yamma. Na lura in an ajiye kwanon sha a tsakar gida, walƙiyarsa takan yi rawa a rufin ɗakin. Na saci madubin Innarmu na gwada, hasken rana ya shigo ta tagar tamkar an zuba shi. Na toshe sauran kafofin da tsumma, na ɗaure farin ɗankwali tsakanin ƙafar gado da turmi. Inuwar Buta ta fito tas. Jar ranar kuwa takardar alawa ce na liƙa a ramin kwali.

Abin da ya rage shi ne mai wuyar: yadda za ta tsira. Da Yayanmu ya zo hutu na tsare shi, ya yi dariya.

"Ke, ba ta mutuwa. Cikin him ɗin tsohuwa ta, da hurhura. Katun ɗin ƙuruciyatta na anka koma anka zana."

"To ƙaƙa ta hita?"

"Wanga kuma ban gani ba."

Na kai wa ƙanwata albishir, ta yi murmushi, amma ba ta ƙoshi ba. Na ce to wani jirgi ne ya zo ya ja ta. Ta girgiza kai a kan matashi.

"Ƙarya ta. Babu kowa wurin, kin gani da idonki."

Na ce injin ne ya tashi da kansa. Ta juya mini baya.

Na kwana biyu ina juya abin a raina, ina daka ina tunani, ina wanki ina tunani. Wata safiya na kai wa Baba fura a fadama, na tarar sun aro injin ban-ruwa daga wani abokinsa. Da aka tayar da shi, tiyon ya kuɓuce daga hannun mai riƙe da shi, ruwa ya yi gaba, tiyon ya yi baya da ƙarfi har ya make ƙafar Baba. Kowa yana dariya, ni kuwa na tsaya da ƙwarya a hannu. Buta ai ruwa take ɗauke da shi a tafiyar nan, mun ga an cika mata ciki a wani tauraro mai ƙanƙara. In matuƙiyar ta juya bakin jirgin wajen ranar ta saki ruwan gaba ɗaya, jirgin baya zai yi.

Ban gaya wa kowa ba. Na yanka feshin ruwa da bakin reza, siri-siri, na yi ta gwadawa har yatsuna suka yi kanta. Ranar nunin, yaran maƙwabta suka cika ɗakin, aka jingina ƙanwata da bango. Yaron da na ba madubi ya kasa tsayar da hannu, hasken yana ta tsalle. Sai na ji muryar Kaka daga waje.

"Ba ni nan, kai ba ka iya komi ba."

Hasken ya tsaya cak. Na tura Buta wajen jar ranar a hankali, ina kukan ƙarfe da bakina, ina maganar matuƙiyar da Hausa, yadda nake jin ya kamata ta yi tun farko. Na juya jirgin na ɗaga feshin. Buta ta ja da baya, ta ƙara ja, ranar ta ƙanƙance don na matsar da kwalinta.

"Ruwan!" ƙanwata ta yi ƙara. "Ruwan nan na tas saki!"

Ta yi dariya har ta dafe haƙarƙarinta, Innarmu ta leƙo a tsorace. Kaka kuma tana kira daga tsakar gida a gaya mata abin da ake ciki, ita da ke riƙe da rana ba ta ga komai ba. Dole na sake nunin daga farko, Yayanmu ya karɓi madubin, Kaka ta zauna gaba-gaba tana yi wa matuƙiyar faɗa a kan yawo ba mayafi.

Ciwon bai tafi don wannan ba, sai da zafi ya shigo ƙanwata ta miƙe. Amma duk ranin nan ba mu fasa ba. Da ta samu ƙarfi ita ta karɓi yankan kwali, hannunta ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, ni na tsaya ga labari da muryoyi. Mun kai Buta taurarin da masu katun ɗin ba su san da su ba, har da wanda mutanensa ke kiwon shanu masu fukafuki, don wata 'yar Fulani mai kawo mana nono ta ce sai an sa nata.

Da damina ta kama, hadari ya riƙa rufe yamma, madubi ya daina kamo komai. Kuma ga shuka, kowa ya koma gona. Muka zuba kwalayen a tsohuwar tukunya muka kife ta da faifai, kafin lokacin girbi gara ta cinye rabinsu.