Warin Ruwan Famfon da Na Kora

Salama gare ku jama'ar Challawa da kewaye. Shugaban kwamitin sa ido kan kamfanonin ruwa ke magana. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. To, ba Umara na tafi ba, jinya na yi.

Kun san tun da aka miƙa ruwan unguwarmu ga kamfani mai zaman kansa, famfonmu warin magani yake yi. Kullum sai na tsokani ma'aikacinsu mai kula da famfon, Malam Dauda, in ce ruwansu kamar an wanke asibiti da shi.

Wata rana warin ya ɗauke. Shayi ya yi daɗi. Na bi layi ina faɗa wa mutane ni na yi wa kamfani tsawa suka tsorata. Har Hajiya mai ƙosai ta ƙara mini biyu.

Ashe kamfanin ne ya shiga matsi. Masana'antu sun haƙa burtsatse sun daina sayen ruwansu, ga tsadar dizal. Abin da suka fara yankewa shi ne maganin da ake zubawa a ruwa.

Da ciwon kai ya fara mini, sai zazzaɓin yamma. Na sayo maganin maleriya a kemis, shiru. Daga nan ciki ya ɗauka, ko riga ba na son ta taɓa shi.

Yayana Habu ya saka ni a adaidaita sai asibiti. Gwajin jini, hoton ciki, ƙarin ruwa. Likita ta ce taifot ne, hanjina ya kusa hujewa, in allura ba ta karɓa ba sai tiyata.

Ranar ban tsokani kowa ba. Na ji tsoro ƙwarai.

Ta tambayi wane ruwa muke sha. Ina kwance amma sai da na yi alfaharin namu ba ya wari, kuma aikina ne. Ta dube ni ta ce, “Warin nan da ka kora, shi ke gadin cikinka.”

Allurar a waje ake sayowa, kuma da tsada. Habu ya sayar da keken da yake zuwa aiki Sharaɗa da shi. Inna kuwa kunu kawai take ba ni, tana cewa bakin nan ya huta.

Malam Dauda ya zo dubiya da dafaffen ruwa a fulas. Ya ce ya sha gaya wa manyansa, su ce a yi haƙuri, shi kansa ba a biya shi albashi ba. Da marasa lafiya suka yi yawa, masu sa ido suka zo, suka ɗebi ruwan suka gwada, suka ce ba maganar ƙarin kuɗin ruwan da kamfanin ke nema sai an dawo da magani.

Alhamdulillahi, allura ta karɓa, ba a yanka ni ba. Ga ni a gida har ina cin tuwo.

Allah ya saka wa likita da nas-nas, da Inna, da Habu da yanzu yake tafiya aiki a ƙafa.

Jama'a, zazzaɓi in ya ƙi jin magani a je a yi gwaji. In ruwan famfo ya sauya, a tafasa shi, a kai ƙara.

Warin ya dawo. Jiya na daɗe a bakin famfo ina shaƙarsa kamar turare.

Shugaban kwamiti kuwa, ko ƙofar ofishinsa ban sani ba. Sabi'u ne naku, mai lodin fata a majema. Hajiya ma ta gano ni, ta aiko in dawo mata da ƙosanta biyu.