Mai faɗin sunan Labbo

Mujtaba mutumin Argungu ne, amma in ka gan shi da safe ya fito daga unguwar Badariya bisa babur, hula a karkace, biro biyu a aljihun gaba, sai ka rantse a Birnin Kebbi aka yanke masa cibi. Yana cikin waɗanda sabuwar jiha ta yi wa rana. Da can kati yake rubutawa a asibiti, da aka raba ma'aikata da Sakkwato sai ga shi da tebur nasa na kansa a ma'aikatar lafiya, har da fanka. Ba mugun mutum ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Yana da sallah, yana da fara'a, matarsa Humaira ba ta taɓa kai ƙararsa ba. Aibinsa dai ya iya lallashin kansa.

Su biyu ne wurin mahaifiyarsu Baiwa. Babban shi ne Labbo, masunci kamar ubansu marigayi. Daminar da aka yi jiha gulbi ya cika ya batse, jirgin Labbo ya kife, sai washegari aka samo gawarsa. Baiwa ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Labbo ɗan fari ne, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a fuska, da ransa ko bayan ransa. Ta amsa gaisuwa, ta ce Allah ya karɓi abinsa, bayan sadakar arba'in ta koma bakin bandarta tana ƙyafe kifi.

Wannan haƙuri nata Mujtaba ya samu ya jingina da shi. Argungu ba wata tafiya ba ce, amma zuwan mako-mako ya koma na ƙarshen wata, na ƙarshen wata ya koma sai da Sallah. In Humaira ta yi masa magana sai ya ce, "Inna ai mai tawakkali ta, ta fi mu duka kwanciyar hankali." Gaskiyar ita ce gidan ne ba ya son shiga, don komar kamun kifin wansa tana nan rataye a zaure.

Ana haka sai ga masu bincike daga wata jami'a ta kudu, shugabarsu wata likita Bayarabiya wadda Hausarta ba ta wuce sannu ba. Suna son sanin abin da imani ke yi wa mutumin da aka yi wa rasuwa: barcinsa, cin abincinsa, hawan jininsa, zamansa da mutane. 'Yan ofis suka sha dariya, wai an zo auna tawakkali da abin awon jini. Dakta ta ce ita ba ta isa ta auna abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ba, sawunsa kawai take nema a jiki da cikin jama'a. Aka haɗa su da Mujtaba ya yi musu tafinta. Shi kuwa da bakinsa, ba wanda ya tambaye shi, ya bugi ƙirji ya ce zai kai su wurin macen da ta fi kowa haƙuri a ƙasar Kabi.

Suka iske Baiwa da hantsi tana juya kifi. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta miƙa hannu aka ɗaura mata abin awon jini. Da hannun ya fito daga zane, Mujtaba ya ga yadda ya rame. Aka kunna rikoda. Dakta na tambaya yana juyawa. Sallah na sanyaya mata rai? Ƙwarai kuwa, in ba don ita ba da ba a iske ta da hankalinta ba. Abinci fa? Ana taɓawa. Sai Dakta ta ce a tambaye ta, da wa take zama su yi hirar marigayin.

Baiwa ta dubi bandarta, ta ce, "Da wa? Ɗan fari na, ba ni iya faɗin sunanai. Maƙwabta sun daina, wai kada su tada min hankali. Wanda zai faɗe shi in ji, yat tafi Birni."

Ba ta dubi Mujtaba ba, kuma ba da faɗa ta yi maganar ba. Dakta ta juyo tana jiran fassara. Kunya ta rufe shi, ya buɗe baki cikin Turancinsa na ofis ya ce wai ta ce ta bar wa Allah komai, ba ta bukatar kowa. Dakta ta jinjina kai cike da sha'awa. Baiwa ta ƙulle musu kifi a takarda, ta ce a gaida Humaira.

Kifin nan bai iya cinsa ba. Ya ɗauki uwarsa ya kai ta a yi kallo, ta faɗi maganar da ba ta taɓa faɗa ba, shi kuma ya danne ta don kada baƙuwa ta san irin ɗan da yake. Ko sallah ya tayar, maganar ce ke fara zuwa masa.

Da masu binciken suka gama zagayensu, aka tara ma'aikata a ɗakin taro Dakta ta yi bayani, shi ne kuma tafinta. Ta ce a cikin waɗanda suka gani, masu riƙo da ibada sun fi saurin dawowa hayyacinsu, amma waɗanda suka fi samun barci da saukar jini su ne masu ibadar da ke da abokin zama, wanda za su tuna mamacinsu tare. Ta ce dattijuwa ɗaya ce a Argungu ta ɗaure mata kai: ta ce ba ta bukatar kowa, jininta kuwa ya hau sosai. Wannan karon bai rage ko kalma ba. Da aka tashi ya tare Dakta a baranda ya ce a ba wani kaset ɗin ya sake fassarawa, don ƙarya ya yi. Ta dube shi, ta ce, "Mahaifiyarka ce, ko?"

Ranar Asabar ya hau babur ya nufi Argungu. Ya iske ta a tsakar gida tana sheƙar shinkafa. Suka gaisa, ya zauna bisa turmi, ya rasa ta inda zai fara. Can ya ce, "Inna, na tuna ranar da Labbo yak kai ni gulbi, yac ce in riƙe gora, nis saki, yab biyo ni yana dariya yana zagina."

Baiwa ta juya masa baya da sauri, faifan ya tsaya a hannunta. Mujtaba ya katse labarin, ya tabbata ya sake yin ɓarna, ya fara laluben takalminsa.

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Wa yac ce ka tsaya?"